Shin makaho zai iya jefa ƙuri'a ba tare da wani ya san wanda ya zaɓa ba?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambayar. Mahaifinta ya rasa ganinsa shekaru kaɗan da suka wuce sakamakon hawan jinin ido. A zaɓen 2023 wani matashi da ke yawo a bakin rumfa ya ce zai taimaka masa, ya kama hannunsa ya dangwala, kuma har yau dattijon bai san ko wanda ya yi niyya ya zaɓa ba. Ƙanenta kuma, wanda ke kan keken guragu, ya koma gida bai yi zaɓen ba, domin rumfarsu tana kan barandar wata makaranta mai matakala. Tana son sanin me doka ta tanadar musu, kuma ko akwai hanyar da mahaifin zai yi zaɓe da kansa, a asirce.

Malama, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya saka miki da alheri da kika damu da wannan. Na daɗe ina aikin wayar da kan masu zaɓe tare da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, don haka zan ba ki amsar yadda take a takarda da kuma yadda take a ƙasa, saboda ba ɗaya suke ba.

Abin da aka yi wa Baba ya saɓa wa doka. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka sanya wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar kuma aka yi zaɓen 2023 da ita, ta yi maganar wannan a sashe na 54. Kashin farko na sashen ya ce mai larurar gani, ko duk wanda wata nakasa ta hana shi bambance alamomin jam'iyyu ko dangwalawa da kansa, yana da ikon zuwa da mutumin da shi ya zaɓa. Wannan mutumin zai sanar da shugaban rumfa, sannan a bar shi ya shiga da mai zaɓen har keɓaɓɓen wurin dangwale. Dokar ba ta ce sai namiji ba, ba ta ce sai ɗan'uwa na jini ba. Ke kanki za ki iya raka shi, ko jikansa, ko amininsa na masallaci. Sharaɗin kawai shi ne Baba ne ya zaɓi mutumin, ba mutumin ne ya zaɓi Baba ba. Ƙa'idojin hukumar zaɓe ta INEC kuma sun fitar da wasu mutane daga ciki ƙarara: wakilin jam'iyya, malamin zaɓe da jami'in tsaron da ke bakin aiki ba sa rakiyar kowa.

Dalilin fitar da su ba ɓoyayye ba ne. Duk inda ake cinikin ƙuri'a, babbar matsalar mai saye ita ce tabbatar da cewa wanda ya karɓi kuɗi ya cika alkawari. Dabara mafi sauƙi ita ce a ce wane ba ya gani sosai, ko wance tsohuwa ce ba ta gane hoto, sai a haɗa su da “mai taimako” ya shiga ya dangwala. A rumfar da ba a sa ido, yaro ɗaya zai iya shigar da tsofaffi goma da wannan sunan. Saboda haka matashin da ya tari Baba a bakin layi da fara'a da “sannu Baba, kawo hannunka”, mai yiwuwa ne ba tausayi ya kawo shi ba. Ko da kuwa da zuciya ɗaya ya yi, ba shi da hurumi.

To amma a faɗi gaskiya, rakiya ba sirri ba ce. Idan kika raka Baba, kin san wanda ya zaɓa. A gidan da kowa ke jam'iyya ɗaya wannan ba komai ba ne. A gidan da uba ke nan, ɗa ke can, ko matar da mijinta ne kaɗai mai yi mata jagora kuma ra'ayinsu ya bambanta, ko almajirin da ke ci a hannun wanda zai raka shi, abu ne mai nauyi. Makafi da yawa sun sha gaya mini cewa abin da ya fi damunsu ba wai a san zaɓinsu ba ne, shi ne rashin hanyar tabbatarwa: ka ce jam'iyya kaza, a ce maka “to, nan ne”, ka dangwala, kuma ba ka da yadda za ka yi ka sani. Shi ya sa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Nakasassu, wadda Najeriya ta rattaba wa hannu a 2007 ta kuma amince da ita a 2010, ta ambaci abubuwa biyu a sashe na 29: ƙuri'a ta sirri, da kuma taimakon wanda mutum ya zaɓa idan shi ya nema. Rakiya zaɓi ce ga mai so, bai kamata ta zama ita kaɗai ce ƙofa ba.

Kashi na biyu na sashe na 54 shi ne ya zo da maganar kayan aiki. Ya ɗora wa hukumar zaɓe nauyin samar da hanyoyin da suka dace, ya kuma ba da misalai: rubutun makafi na Braille, manyan haruffa masu tudu da ake shafawa, na'urori, masu fassara da maganar hannu, har da yin zaɓe a wajen rumfa inda ya dace. A tsohuwar dokar 2010 wannan ganin dama ne, hukuma ta yi in ta so. A ta 2022 ya zama wajibi. Ƙungiyoyi irin su JONAPWD, wato haɗaɗɗiyar ƙungiyar nakasassu ta ƙasa, da Ƙungiyar Makafi ta Najeriya, da Inclusive Friends ta Jos, da gidauniyar zabiya da yanzu ake kira TAF Africa, sun sha faɗi-tashi kafin a kai nan.

Abin da hukumar ta samar wa makafi shi ne jagoran ƙuri'a mai rubutun Braille. An fara amfani da shi a zaɓen gwamnan Osun na Satumban 2018, sannan a zaɓen shugaban ƙasa na 2019. Ba wata takardar ƙuri'a ce ta daban ba, kuma wannan yana da muhimmanci, domin da a ce makaho takardarsa daban take, da a wajen ƙirga kowa zai gane tasa. Wata 'yar jaka ce ta kwali mai kauri da ake zura takardar ƙuri'a ta kowa da kowa a ciki. An huda mata tagogi daidai inda gurbin dangwale na kowace jam'iyya yake, a gefen kowace taga kuma an rubuta gajeren sunan jam'iyyar da ɗigo-ɗigo masu tudu. Mai zaɓe zai bi da yatsa har ya sami jam'iyyarsa, ya taɓa tawada, ya dangwala ta cikin tagar. Kwalin ya rufe sauran wuraren, don haka yatsa ba zai zame ya ɓata gurbin maƙwabciya ba. Sai ya zare takardar, ya naɗe ta, ya jefa, ya mayar da kwalin.

Tunanin mai kyau ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wa aka yi wa shi.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13 a lokacin. Arewa maso gabas ce ta fi yawan kaso, da 6.1 cikin ɗari, arewa maso yamma kuma ta fi yawan mutane. Yanar ido ce kan gaba da kusan kashi 43, hawan jinin ido irin na Baba yana biye. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan makafinmu da girmansu suka makance. Manoma ne, 'yan kasuwa ne, malaman allo ne, tsofaffin ma'aikata ne da suka yi shekara hamsin ko sittin suna gani. Braille kuwa karatu ne da ake zama a koya, yawanci tun ana yara, a makarantu irin ta Gindiri da aka buɗe a 1953 ko ta Tudun Maliki a Kano, kuma yana buƙatar yatsa mai saurin ji. Dattijon da ya yi shekaru yana riƙe fartanya, ko mai ciwon suga da jijiyoyin yatsunsa suka fara mutuwa, ɗigo shidan da ake haɗa haruffan Braille da su ba za su yi masa magana cikin sauƙi ba. Idan aka miƙa wa Baba wannan kwali ranar zaɓe ba tare da wani shiri ba, zai shafa ya ji ƙuraje-ƙuraje ne kawai.

Wannan ne babban kukana da tsarin. An gina shi a kan makaho ɗan boko mai karanta Braille, wanda shi ne yake zuwa taron bita a Abuja, shi ne kuma yake magana da yawun sauran, alhali shi ne 'yan tsiraru. Ba laifinsa ba ne, haƙƙinsa ne a ba shi, kuma ya yi gwagwarmaya kafin ya samu. Sai dai idan hukuma ta raba kwalin ta ce ta gama da matsalar makafi, ta bar mafi yawansu a inda suke.

Duk da haka kada ki yar da kwalin, domin akwai hanyar da Baba zai ci moriyarsa ko bai san Braille ba, ita ce ƙirga tagogi. Takardar ƙuri'a a Najeriya ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, alamar jam'iyya ce da gajeren sunanta, kuma ana jera su bisa tsarin haruffa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 jam'iyyu 18 ne: a jerin, APC ce ta shida, LP ta goma sha ɗaya, NNPP ta goma sha biyu, PDP ta goma sha huɗu. Mutumin da ya haddace izu-izu na Alƙur'ani, ko yake lissafin cinikinsa da ka, riƙe lamba ɗaya ba zai gagare shi ba. Idan an karanta masa jerin gaba ɗaya a gida, tun daga farko har ƙarshe, ba tare da an tambaye shi wacce yake so ba, shi zai riƙe lambar tasa a ransa. Ranar zaɓe aikin mai rakiya ya tsaya ga zura takarda daidai a cikin kwali, ya nuna masa ina ne sama, ya ɗora hannunsa a kan taga ta farko da kan tawada, sannan ya juya baya. Ba cikakken sirri ba ne, amma ya fi kama hannu nesa ba kusa ba.

Dabarar tana da iyaka. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne a takarda ɗaya, ƙirga a irin wannan doguwar takarda sai an yi da gaske. Soke rajistar jam'iyyu 74 da hukumar ta yi a Fabrairun 2020 ne ya rage tsawonta. Sannan jerin yana canzawa daga zaɓe zuwa zaɓe, tunda ana yi wa sabbin jam'iyyu rajista, don haka lambobin da na kawo na 2023 ne kawai, sai an sake duba na zaɓen da ke tafe. Mafi wahala kuma, ba takarda ɗaya ake ba mutum ba. Ranar zaɓen shugaban ƙasa uku ce: ta shugaban ƙasa, ta sanata, ta ɗan majalisar wakilai. Ta shugaban ƙasa iri ɗaya ce a duk faɗin ƙasar, kwali ɗaya ya wadatar. Amma mazaɓun sanata 109 ne, na wakilai 360, na majalisun jihohi sun kusa dubu, kuma ba kowace jam'iyya ke tsayar da ɗan takara a ko'ina ba. Kowace takarda tana buƙatar kwalin da ya dace da ita, ga kuma hukuncin kotu da kan sauya jerin ana dab da bugawa. Shi ya sa kwalin ya fi samuwa a manyan zaɓuka. Wanda ya dangwala wa shugaban ƙasa da kansa, sau da yawa sai ya koma ga mai rakiya a kan sauran biyun. Hatta akwatunan da launin murfi ake bambanta su, ja na shugaban ƙasa, baƙi na sanata, kore na wakilai, wanda ba ya gani kuwa launi bai amfane shi da komai ba.

Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanyar. Ghana ta daɗe tana amfani da irin wannan kwali, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar makafin ƙasar wajen koya wa mutane tun kafin ranar. Afirka ta Kudu ta yi allo guda na roba mai tagogi masu lamba wanda ake sa takardu daban-daban a ciki, ana kuma ba mai rawar hannu da mai raunin gani, ba makafi kaɗai ba. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mu, domin yana kashe matsalar buga kwali ɗari-ɗari. A Birtaniya wata babbar kotu ta yanke hukunci a 2019 cewa allon tagogi shi kaɗai bai wadatar ba, tunda makaho bai san sunan da ke gaban kowace taga ba sai an karanta masa, abin da ya sa aka koma gwada haɗa shi da sauti. Amurka tun dokar 2002 ta wajabta a ajiye aƙalla na'ura ɗaya a kowace rumfa da makaho zai sa abin sauraro a kunne ya yi zaɓe shi kaɗai. A Ostareliya makaho kan yi zaɓen tarayya ta wayar tarho, da lambar sirri maimakon sunansa. Ba na cewa mu kwaso na'urorin Amurka mu kai rumfar da ko inuwa babu. Amma sauti ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Jerin jam'iyyu da lambobinsu, a karanta da Hausa da Fulatanci da Kanuri a gidajen rediyo mako biyu kafin zaɓe, a kuma tura shi ta WhatsApp, zai kai ga makafin da Braille ba zai taɓa kaiwa gare su ba. Makafinmu ma'abota rediyo ne fiye da kowa.

Wani zai ce ai yanzu akwai manhajojin waya da ke karanta wa makaho abin da ke gabansa. Akwai, amma tun zaɓen Osun na 2018 hukumar ta hana shiga wurin dangwale da waya, saboda masu ɗaukar hoton ƙuri'a su je su karɓi kuɗi. Hanin yana da hujja, sai dai ya rufe wa makafi wata ƙofa, kuma kada Baba ya dogara da waya ranar.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a aikace, wanda kuma ke da iyalinki kuke da iko a kansa. Hukumar ba ta kai kwalin kowace rumfa. Rumfunan zaɓe 176,846 ne tun bayan ƙarin da aka yi a 2021, kuma ana rarraba kayan ne bisa abin da rajista ta nuna. Sashe na 9 na dokar 2022 ya ce rajistar masu zaɓe ta nuna nakasar mutum da irinta. A rajistar 2023 mai mutum 93,469,008, waɗanda aka rubuta da wata nakasa 85,362 ne kacal, makafi a cikinsu 8,103. Ki ajiye wannan kusa da miliyan ɗaya da ɗoriya na binciken da na ambata. Dalilin giɓin a fili yake: sai a rajistar 2021 zuwa 2022 aka fara tattara bayanin da gaske, mafi yawan mutane kuwa sun yi katinsu tun 2011 ko bayanta kaɗan. Baba ya yi rajista yana gani. A kwamfutar hukumar har yau mai gani ne, don haka babu wanda zai sa kwali a buhun kayan rumfarsa. Ƙungiyoyin da suka sa ido a 2023 sun ba da rahoton rumfuna da dama da nakasassu suka je ba su tarar da kayan ba, wasu wuraren kuma kayan sun je amma ma'aikatan wucin gadi ba su san amfaninsu ba. Yawancin shugabannin rumfa 'yan bautar ƙasa ne da aka yi wa horon 'yan kwanaki, kuma hankalin horon yana kan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS da takardar sakamako.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk lokacin da aka buɗe ci gaba da rajista, ki kai Baba da ƙanenki ofishin hukumar na ƙaramar hukumarku da katunansu, a sabunta bayanansu a rubuta irin larurar kowanne. Ba sabuwar rajista za su yi ba, yin rajista sau biyu laifi ne, gyaran bayani ne kawai. A nan ne kuma ƙanenki zai iya neman a mayar da shi wata rumfar da ke kusa da gida ko wadda take a fili. Ranar zaɓe akwai wata takarda mai suna EC40H da shugaban rumfa ke cikewa da bayanin nakasassun da suka zo. Ki tabbata an rubuta su, domin da ita ake tsara rabon kayan zaɓe na gaba.

Maganar ƙanenki ta fi sauƙi a doka, ta fi wuya a ƙasa. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su yi hanyar da keke zai hau. Wa'adin ya cika a Janairun 2024, kuma duk mai zagaya makarantun firamarenmu ya san inda aka kwana. Hukumar zaɓe ba ta mallaki gine-ginen da take kafa rumfa a ciki ba, amma ita ke zaɓar inda za a ajiye tebur. Sau da yawa abin da ya raba mai keke da akwati ba gini ba ne, shawarar mutum ɗaya ce da ƙarfe takwas na safe: a hau baranda saboda inuwa, ko a kafa a tsallaken kwata saboda nan aka saba. Idan kun isa da wuri, kafin a buɗe da takwas da rabi, kuka yi wa shugaban rumfa magana cikin mutunci, sauko da tebur ƙasa aikin minti biyar ne. Bayan layi ya yi tsawo, an fara tantancewa, ba mai yarda ya motsa komai. Ki kuma lura da tsayin wurin dangwalen da inda aka ɗora akwati, don an yi su ne da tunanin mai tsayuwa. Yana da ikon a sauko masa da su inda hannunsa zai kai kuma ba a leƙa shi. Abin da ba na so shi ne a ce za a ɗauke shi cak a hau da shi. Wasu ba su damu ba, amma babban mutum a ɗaga shi a gaban jama'a kamar kaya, da yawa sun gwammace su koma gida, kuma ba na ganin laifinsu.

Su biyun duka ba sa bin layi. Ƙa'idar hukumar ta ba nakasassu, tsofaffi, masu juna biyu da masu goyo fifiko. Akwai kuma matsalar hana zirga-zirgar ababen hawa da 'yan sanda ke sanarwa ranar zaɓe, wadda ke nufin ba Keke Napep ba acaɓa. Wanda rumfarsa ke da nisa sai ya yi dabara tun daren jajibiri, wannan ma wani dalili ne na neman sauyin rumfa. Zaɓe daga gida kuwa, ko da yake sashe na 54 ya buɗe ƙofarsa, ba a yi shi a 2023 ba. Indiya ta yi a babban zaɓenta na 2024, inda ma'aikata suka bi masu shekara 85 zuwa sama da masu nakasa mai tsanani har gida. A nan ina da ɗari-ɗari da shi: akwatin da ya bar idon jama'a ya shiga zaure, a yanayin siyasarmu, ban ga wanda zai tsare shi ba.

Tunda wasu masu irin wannan larura za su karanta, bari in taɓa sauran a gurguje. Zabiya da masu raunin gani an tanadar musu gilashin ƙara girman rubutu tun zaɓen gwamnan Anambra na 2017, kuma zabiya ne rukuni mafi yawa da aka ambata da suna a rajistar 2023, mutum 21,150. Rana ma tana cutar da su, don haka fifikon layi a wurinsu ba alfarma ba ce. Kurame an yi musu fosta mai lamba EC30E da ke bayyana matakan zaɓe, sai dai mai fassara a talabijin yakan yi maganar hannu ta makaranta ne, wadda ta samo asali daga ta Amurka, alhali kurman kasuwa da ƙauye a ƙasar Hausa da tasa maganar hannun ta gargajiya ya tashi. Waɗanda kuturta ta ci wa yatsu sun sha wahala da tsohuwar na'urar karanta kati da ta dogara ga zanen yatsa. BVAS tana tantancewa da fuska idan yatsa ya ƙi, kuma wannan sauƙi ne na gaske da ba a cika faɗa ba.

Akwai wani abu namu na gida da ya kamata a yi amfani da shi. A Kano da Zariya da sauran biranenmu akwai Sarkin Makafi, da Sarkin Guragu, da Sarkin Kutare, da fadawansu da masu unguwanninsu. 'Yan siyasa sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa kakar zaɓe ba ta wucewa ba su kai gaisuwa da buhunan shinkafa ba. Hanyar da ake bi a nemi ƙuri'arsu a dunƙule, ita ce hanyar da za a bi a kai musu samfurin kwalin su shafa su saba, a kuma kai musu ma'aikatan rajista har unguwa. Zama ɗaya a fadar Sarkin Makafi zai gyara bayanan mutanen da taron otal goma ba zai kai gare su ba. Idan Baba yana da alaƙa da reshen ƙungiyar makafi na jiharku, ta nan ne ya fi sauƙin samun samfurin ya gwada a gida.

Ranar kanta, ku tafi da katinsa, ki gaya wa shugaban rumfa tun farko, da murya yadda wakilan jam'iyyu za su ji, cewa ke ce wadda ya zaɓa ta raka shi, Baba kuma ya tabbatar da bakinsa. Ki tambayi kwalin ko da kina zaton babu. Idan babu, ki karanta masa jam'iyyun a hankali yadda na waje ba za su ji ba, ki kai yatsansa gurbin da ya ce, ba wanda kike so ba, domin amana ce. Kada tawadar ta yi yawa, kuma a naɗe takardar ta ciki yadda ba za ta shafi wani gurbin ba. Ƙuri'u 939,278 aka soke a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kuma dangwale biyu ko wanda ya haye layi na cikin abubuwan da ke jawo haka. Idan wani ya matsa sai shi zai shiga da shi, ko aka hana ki, ki nemi jami'in hukumar mai zagaya rumfunan mazaɓar ko masu sa ido da ke sanye da rigar shaida, ki rubuta lambar rumfar da lokacin da abin ya faru, daga baya ki kai ƙorafi a rubuce ofishin hukumar na ƙaramar hukuma da Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa da aka kafa a 2020.

Duk wannan bayani a kan zaɓukan da INEC ke gudanarwa ne. Zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli a jihohi yana hannun hukumomin zaɓe na jiha, irin su KANSIEC a Kano, kowacce da dokarta da kayanta, don haka kafin wannan sai ku je ofishinsu ku tambayi abin da suka tanada.